Kazar Ta'aziyya da Katin Abinci

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Tantance Abin da Ya Dace da Cikin Talaka,
ta hannun duk wanda Allah ya ɗora wa buɗe wasiƙu a ofishin.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, ina fatan kai da iyali kuna lafiya, kuma an kawo maka abincin rana da zafinsa. Sunana Lemuel Gaither, tsohon direban tirela, mazaunin garin Toledo, ɗaya daga cikin bayin Allah da ofishinka ke zuba wa kuɗin abinci a kati duk wata. Da godiya zan fara, domin ba don katin nan ba da tuni wandona ya gaji da ƙuguna ya sauka. Ba ƙorafi na zo yi ba. Wane ni? Tambayoyi ne kawai irin na wanda bai yi nisa a makaranta ba, sai kuma labarin wata kunya da na jawo wa kaina da hannuna, ko da yake dokarka ta ɗan riƙe mini tsani.

Aminina Roscoe Tillery ya rasu a farkon watan nan na Janairu, Allah ya ji ƙansa. Tare muka tsufa a kan hanya. Ka san yadda muke yi: in an dawo daga maƙabarta a gidan mamaci ake taruwa, kuma ba a shiga ana kaɗa hannu. Kowa da kwanonsa a rufe, da zafinsa. Abinci mai sanyi sai wanda ya zo don a ce ya zo. Lokacin da matata Geneva ta rasu, matar Roscoe, 'yar'uwa Earline, ita ta riƙa aiko mini da girki har na iya tsayawa da ƙafafuna. Ka ga ke nan ko duk garin za su shiga gidanta hannu sake, ban da ni.

Sai dai ɗaki ɗaya nake haya a hawa na uku, kuma mai gidan ya hana kunna kowane irin murhu tun da wani ya ƙona labule. Na'urar ɗumama abinci da muke tarayya a kanta ta mutu kafin Kirsimeti, har yau mai gidan bai gama zaman makokinta ba.

Ga tambayoyina, ranka ya daɗe.

Na ɗaya. Da safen jana'izar na shiga kantin unguwarmu cikin baƙar kwat ɗina. Ga kaji gasassu a bayan gilashi, sun yi ja, maiƙo na ɗiga. Na zaɓi mai ƙiba na rungume, na kai wa Latrice, yarinyar da ke karɓar kuɗi. Na saka kati, na'ura ta yi mini tsaki. Latrice ta sassauta murya ta ce, "Haba Baba, ai ka sani. Mai zafi ba ta wucewa. Je ka firji, akwai 'yar'uwarta ta jiya." Na sani kuwa. Na ɗauka ne ko na'urar za ta ga kwat ta ji nauyina. Na ce to in na tsaya da ita a bakin ƙofa har ta huce fa? Ta ce, "Baba, ko ta daskare a hannunka, lambar jikinta ta masu zafi ce." Wani mai faffadan wuya a bayana ya ce, "Tsoho, in shari'a za ku yi ku koma gefe, mu muna da wurin zuwa." Na koma gefe na ɗauko ta jiya.

To, ranka ya daɗe, mai gashi ɗaya ne, gishiri ɗaya, wataƙila ma uwa ɗaya ta ƙyanƙyashe su. Wane laifi zafi ya yi? Shin kaza ba ta zama abinci sai ta kwana? Ko kuwa tausayi ne, kada talaka ya ƙona harshensa? In tausayi ne na gode ƙwarai, harshena lafiya lau yake, rabonsa da haɗari tun kaka.

Na biyu. Ina jinjina wa ofishinka bisa kyakkyawan zaton da yake yi mini. Katin yana sayen irin tumatir da na kabewa, alamar kuna ganina da lambu. Yana sayen ɗanyen talotalo sukutum, alamar kuna ganina da tanda. Yana kuma sayen buhun ƙanƙara, a watan da nake share ta kyauta daga gilashin mota kowace safiya. Sabulu ne dai ba ya saye, kuma na fahimci hikimar: wanda bai yi girki ba, me zai wanke?

Na uku, kuma daga nan laifin ya fara zama nawa. Ina tsaye a wajen kanti da kaza mai sanyi kamar hancin kare, sai tsohuwar sana'a ta motsa. Mu direbobin da, in tafiya ta yi nisa, naɗe abinci muke yi a takardar alminiyam mu ɗaure a jikin inji, kafin a kai gari na gaba ya yi zafi. Na ce ashe ina da murhu, mai taya huɗu ma. Na koma ciki na ɗauko takardar, Latrice ta dube ni ta girgiza kai tun kafin in ƙaraso, wai ita ma ba abinci ba ce. Na yarda, ban taɓa cin ta ba. Maƙwabciyata ce ta yago mini daga tata, tana tambaya ko lafiya. Na naɗe kazar, na buɗe murfin injin tsohuwar a-kori-kurata, na ɗaure ta da wayar rataye kaya. Har na ja da baya na tsaya ina kallon aikin, ina jin a duk jihar nan babu mai kai irin nawa.

A coci hankalina rabi yana kan wa'azi, rabi yana waje. Da muka jera motoci zuwa maƙabarta, ƙanshi ya fara shigowa ta inda iskar ɗumi ke fitowa. Ranka ya daɗe, ina bin gawar aminina ina haɗiyar yawu, ina kuma ce wa kaina ai don shi nake yi.

Na huɗu. Wannan na san ba hurumin ofishinka ba ne, amma ku manya kuna haɗuwa a wurin cin abinci, sai ka isar wa mai kula da tituna. Akwai wani rami a kwanar layin su Earline da ya girmi wasu jikokina. Na san shi, na sha kauce masa. Ranar, a hanyarmu ta dawowa daga maƙabarta, ina can ina tsara yadda zan ajiye kazar a tebur ba tare da nuna alfahari ba, sai ji na yi ƙwaram. Na duba madubi, ga wani dunƙule mai ƙyalli yana gangarawa tsakiyar titi, tururi na tashi. Motar Fasto ce a bayana, kuma Fasto mutum ne da ba ya kauce wa abin da Allah ya sa a gabansa. Da muka tsaya ya zo ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan'uwa Lemuel, wani abu ya faɗo daga motarka, na ji na taka. Allah ya sa ba mai muhimmanci ba ne." Na ce mai muhimmanci ne, Fasto, amma motar za ta iya tafiya ba shi.

Na biyar. Na so in juya. Wallahi na so. Amma Earline tana tsaye a ƙofa cikin baƙaƙen kaya, ta riga ta gan ni. Na shiga da hannuwa a aljihu, ni da na ci girkinta fiye da kowa a gidan in ban da mamacin. A bakin kicin Mama Odessa ke karɓar kwanuka, tsohuwar da ba ta taɓa haɗiye magana ba tun da aka haife ta. Ta dubi hannuna, ta shinshina kwat ɗina, ta ce da ƙarfi, "Lemuel, ina kazar? Ko ƙanshin ka kawo mana mu ci da burodi?" Matan kicin suka tuntsire. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata.

Earline ce ta ce, "Ku ƙyale mini shi. Zo nan, Lemuel, zauna." Ita da aka binne wa miji da safe, ita ta ɗauki faranti ta cika mini: soyayyar kaza, makaroni da cuku, ganye da aka dafa da nama, dankali mai zaƙi, burodin masara yana naso da man shanu. Tururi ya bugi fuskata. Na yi niyyar in taɓa kaɗan saboda mutunci. Ranka ya daɗe, na cinye. Aka ƙara mini, na cinye. Abin da ya fi yi mini ciwo, kuma ban faɗa wa kowa ba sai kai, shi ne tun daga cokalin farko har na ga ƙasan faranti ban tuna da Roscoe ba ko sau ɗaya. Sai da na ƙoshi na yi kuka, kuma ban san ko na rashinsa ba ne ko na kaina. Da zan tafi Earline ta miƙo mini wani faranti a rufe, ta ce, "Ka yi sauri, kada ya huce." Na karɓa.

Da a nan abin ya tsaya da ban ɓata maka lokaci ba. Ranar Lahadi muna cikin waƙa sai dattijo Purvis, mutumin kirki da ke zama a gabana, ya kama wani tari mai zurfi. Bayan an tashi na je na gaishe shi, na tambaye shi tun yaushe tarin ya fara, me likita ya ce, ko yana sauka har ƙirji. Ya ji daɗi ƙwarai, ya riƙe hannuna ya ce a duk cocin ni kaɗai na kula. Yana magana, ni kuwa na kama zuciyata tana tuna mini cewa matarsa ta fi kowa iya gasa haƙarƙari, kamar har na fara jiran zaman makokinsa. Na zare hannuna na fita na zauna a mota, na daɗe ban tayar da ita ba.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba ƙarin ko sisi nake nema ba. A bar mini katin yadda yake, a riƙe sabulun, a riƙe takardar alminiyam, na yafe irin kabewa da ƙanƙara. A dai yarda in sayi kazar yau a yau, ko sau ɗaya a wata. Abokaina sun tsufa, ranka ya daɗe, kuma ba su da yawa. Ina so in koma yi musu addu'ar tsawon rai da zuciya ɗaya.

Allah ya ƙara girma, ya tsare maka murhunka.

Naka mai biyayya a zafi da sanyi, musamman a sanyi,

Lemuel Gaither
Hawa na uku, ɗakin ƙarshe, Toledo