Yadda Za Ka Wuce da Talo-talo Biyu a Cikin Rigar Sanyi

Talo-talon sun isa gida, rigar amarya ba ta isa ba. Abin da ya samu Ezra Meekis ke nan a satin bikin 'yarsa Tanis, kuma har yau matarsa Loretta kamfanin jirgi take tsine wa.

Shekara ashirin da biyu ina loda kaya a filin jirgin nan na birni, inda ake tashi zuwa garinmu. Jirginmu kujera tara ne, kayan kowa laba hamsin, abin da ya haura sai ya jira jirgin kaya, wanda ke tashi ranar da ya ga dama. In ka bi matakan nan yadda na koya wa Ezra, na ba ka tabbaci namanka zai isa gida tare da kai. Naman kawai na ce.

1. Aro riga

Kada ka sa taka. Nemi rigar sanyin mutumin da ya fi kowa ƙiba a danginku. Ezra ta yayan matarsa ya aro, wadda mutum biyu za su shiga har su yi faɗa a ciki.

2. Ɗaura kayan

Sayi talo-talo biyu daskararru, kowanne laba ashirin. Ɗaya a ciki, ɗaya a gadon baya, ka naɗe da salatif. A nan ba a laluben kowa. Wa zai lalube ka? Mai gadin ma ɗan ƙanwarka ne. Akwatinka kuwa kada ya wuce laba hamsin. A na Ezra rigar amarya ce, wadda Loretta ta yi odarta tun bazara ta aike shi birni ya karɓo.

3. Gyara tafiya

Mai ɗauke da laba arba'in a jiki ba ya sauri. Dafe ƙugu, ka riƙa jan ƙafa. Wanda ya tambaya, ce masa bayan ne ya motsa. Duk wanda ya haura hamsin a garinmu yana da bayan da ke motsawa.

4. Hau sikeli da fara'a

Na manta ban gaya wa Ezra wannan ba: ranar da jirgi ya cika, har mutane ake aunawa. Mai sikelin kuma Verna ce, taubashiyarsa, wadda ba ta iya magana a hankali ba.

“Hau mu gani, tsohon banza.”

“Ke dai rubuta ɗari da tamanin kamar kullum.”

“Hau, na ce.” Ta leƙa, ta cire tabarau, ta sake leƙawa. “Ɗari biyu da ashirin! Ezra, kwana uku ka yi a birni ko mutum ka haɗiye?”

“Takalman ne.”

“To takalman sun yi tumbi.”

Kada ka yi musu. Abin da za ka duba shi ne wanda ke bayanka a layi. Bayan Ezra, Bernadette ce, nas ɗin asibitin garinmu, ta riga ta zaro biro.

5. Guji hita

Hazo zai rufe, za a ce a jira. Kullum ana cewa a jira. Kada ka zauna kusa da hita mai ɗumama ɗakin jira, in ba haka ba za ka fara ɗiga. Tsaya bakin ƙofa inda iska ke shigowa. Ezra awa uku ya yi a nan, ƙanƙara a gaba ƙanƙara a baya, haƙoransa na kaɗawa.

“Kawu Ezra,” in ji nas, “ga kumburi ga rawar sanyi. Ran Litinin ina son ganin ka.”

“Lafiyata ƙalau, 'yar nan.”

“Da Inna Loretta zan yi maganar.”

6. In matuƙi ya fara lissafi, kalli ƙasa

Matuƙi zai fito da takarda yana taɓe baki. Ran nan cewa ya yi nauyi ya haura da laba arba'in, a sauke jaka ɗaya. Ƙa'ida ita ce wadda aka loda ƙarshe. Mai jan ƙafa kuwa shi ke zuwa ƙarshe.

Ni na sauke ta. Ezra yana kallona ta taga. Da ya buɗe baki ya ce ga inda arba'in ɗin suke, da rigar ta tafi, talo-talon sun zauna, fasinja takwas kuma sun samu labarin da za su ci har bazara. Ya kalle ni, ya kalli Verna, ya ja zif har wuya. Namiji ke nan.

7. Kwance kayan kafin ka shiga gida

Bayan rumfar kyafa kifi ya tsaya ya kwance, ya shiga da talo-talo a hannu kamar mutumin kirki.

“Ina rigar?” in ji Loretta.

“Sun sauke ta.”

“Suka bar nama suka sauke rigar amarya? Wane mara hankali ne ya yi wannan?”

“Ni ma abin da na ce ke nan.”

Tanis ta shiga coci da rigar gwaggonta, an kama ta da fil goma sha ɗaya. Tata ta iso bayan kwana tara.

Gargaɗi

Ni aikina ɗauka da ajiyewa. Ban san ka ba, ban ga rigarka ba, kuma in matarka ta zo filin jirgi da tambaya, ranar ina hutu.

Nas ta riga Ezra isa wurin Loretta da maganar laba arba'in. Ranar biki shi ya yayyanka talo-talon, ya raba wa mutum ɗari, aka ajiye masa dafaffen kifi ba gishiri. Ran Litinin ya hau sikelin asibiti: ɗari da tamanin cif.

“Arba'in a kwana biyar!” in ji nas. “Inna, kada ki kuskura ki canza masa abincin nan.”

Aka manna hotonsa a bangon asibiti don masu ƙiba su yi koyi. Kalma ɗaya za ta dawo masa da soyayyen burodi da kitse, amma ita ce kuma za ta gaya wa Loretta wane ne mara hankalin. Wata na bakwai ke nan yana kan kifin.