Ƙwallayen Dabino Talatin

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku. Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na durƙusa gaban likita, yarinyar da na yi jika da ita, ina roƙon ta rubuta mini ƙarya.

'Yata Jummai ta shekara goma sha biyu a gidan Saje Bala, can barikin Shadawanka, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Daga baya aka haɗa ƙwanta da na mijinta a asibiti, aka adana a cikin sanyi. Saje ya tafi aiki wata uku, sai daren da za a dasa mata ya dawo. Ni kuwa kullum sai na yi mafarkin ɗan tayin nan yana barci cikin ƙanƙara, ina neman zanen da zan lulluɓe shi.

Tun daga ranar dashen, kowace asuba sai na jefa ƙwallon dabino a ƙoƙo (ban yi boko ba, amma lissafina bai taɓa ba ni kunya ba). Ranar da suka cika talatin muka je hoton ciki, ni da Jummai da uwar mijinta, Hajiya Ladi.

Likita ta dubi allo ta ce, "Alhamdu lillahi, sati bakwai cif."

Kwana talatin ai sati huɗu ne da 'yan kai. Sauran ukun fa, a lokacin da mijin ba ya gari? Na ga auren 'yata yana narkewa a idona.

Da Hajiya Ladi ta fita alwala, sai na zube ƙasa. "Likita, don girman Allah ki rage sati uku a katin nan. Yarinyar nan ko ƙofar gida ba ta leƙawa."

"Inna, me kike nufi da ni?" in ji Jummai.

Likita ta ɗago ni. "Inna, mu daga jinin ƙarshe muke ƙirga wa kowace mace, shi ya sa muke ƙara sati biyu. Kwana biyar kuma ɗan tayin ya yi a wajenmu kafin a sa shi a sanyi. Haɗa da talatin ɗinki."

Na haɗa da yatsu. Arba'in da tara, sati bakwai ke nan. Ina juyawa, ga Hajiya Ladi a bakin ƙofa da buta, ta dube ni ta ce:

"Hajiya Asabe, har kin gama yanke wa 'yar taki hukunci? Ni ko a raina."

Jummai ta yi sati ba ta gaishe ni ba, sannan ta huce. Ta sauka kwana biyu kafin ranar da likita ta rubuta, mace, aka sa mata sunan Hajiya Ladi. Saje bai taɓa jin zancen ba. Hajiya Ladi kuwa duk azumi sai ta aiko mini da dabino, wai in ci gaba da lissafi. Ci nake yi, in zubar da ƙwallon.