Tabbas Ɗin Manya da Keken Ɗinkin Gidanmu

Da safiyar yau kwatar ƙofar gidanmu ta haɗiye min takalmi ƙafa ɗaya. Ban ga laifinta ba, ta daɗe a toshe, ga damina ta kawo kai. Bara ruwan da ta amayar har ɗaki ya shiga, ya kusa kashe keken ɗinkin maiɗakina, wanda, tsakaninmu da ku, shi ke riƙe da tukunyar gidan nan.

Da silifas ɗin aro na tafi ofishin Ranka Ya Daɗe Mai Kujera Mai Juyawa. Mutum ne mai tausayi ƙwarai, bai ma bari na wahalar da bakina na gama bayani ba. Ya ce, "Tabbas za a yashe ta. Babu shakka. Ko tantama kada ka yi."

Na fito raina fes. A makaranta an koya mana cewa da irin waɗannan kalmomi ake yanke shakka, in an faɗe su magana ta ƙare.

Na kai wa maƙwabcina mai faci albishir. Ya ajiye tayar da ke hannunsa, ya yi min jaje. Shi ya daɗe yana nazarin bakin manya. A cewarsa, in sun ce suna dubawa, to da sauran rai, wani ma'aikaci zai iya yin kuskure ya yi aikin. Amma ranar da aka ce masa tabbas wuta za ta dawo, fitila ya saya. Da aka ce babu shakka famfo zai kawo ruwa, rijiya ya haƙa. Duka ukun a jere kuwa, rabonsa da ji tun kan gadar nan da har yau ake tsallakewa da kwalekwale.

Na ce to ashe kalmomin ba su da amfani.

Ya ce, "Suna da shi mana, maƙwabci. Da safe kana shakkar ko za a yi. Yanzu kana yi?"

Na shiga gida, hadari na haɗuwa, maiɗakina na kan ɗinki. Ta tambaye ni ko za a gyara. Na gyara murya kamar yadda na ga ana yi, na ce, "Tabbas."

Ta dube ni, ta tsinke zare, ta ce in kama mata keken mu ɗora a kan tebur.

Mun ɗora. Ranka ya daɗe, in jikokinka sun zo yasar kwatar, takalmin nawa ƙafar hagu ce.