Tsoho Tokuji da Alƙalamin 'Yan Firamare

"Na dawo!"

"Sannu da dawowa, shugabar masu shiririta. Na ɗauka ƙasar waje kika tafi neman mai buga katin."

"Ai sai da na tsaya na huta a madadinka, Kaka, tunda kai ko zaman ma gajiyar da kai yake yi."

Mahaifina ke nan, Tokuji, da 'yata Fumika. Ina kicin ina dafa miya, amma gidanmu na Onomichi ƙofofinsa na takarda ne, ko tari mutum ya yi sai an ji. Tun Fumika na rarrafe su biyun nan ba su taɓa gaisawa ba tsokana ba. Na daɗe da daina raba su, don na lura in na sa baki sai su haɗe kai su juyo kaina.

Aiken da ya yi mata ranar kuwa ba na wasa ba ne. Disamba ta yi nisa, kowa na fama da rubuta katin sabuwar shekara don gidan waya ya raba da safiyar ranar. Baba hannunsa ya fara rawa. Alƙalaminsa mai bakin zinariya, wanda duk shekara sai wani tsoho a kasuwa ya gyara masa baki, ya koma tofar da tawada, tsohon kuma ya rufe shago. Katin da ya sami ɗigo ko gyara ba a aika wa mutum shi, raini ne. Da Baba ya ɓata tuli guda sai ya yi zuciya, ya ce a buga masa irin katin da tsofaffi ke sallamar jama'a da shi, mai cewa daga bana kada a ƙara jiran gaisuwata. Abin ya dame ni ƙwarai, amma ban isa in musa masa ba. Fumika kaɗai ta isa.

"Ina katin?" in ji shi.

"Ga shi."

"Wannan ai fari ne fat. Ina rubutun?"

"Yana cikin hannunka, bai fito ba tukuna."

"Na aike ki a buga min sallama, kin kawo min aiki. Me ake koya muku a jami'ar ne, kurumta?"

"Kurumta a gida na koya, wurin mai kunna talabijin har maƙwabta su ji labarai kyauta. Na je shagon fa, Kaka. Na karanta samfurin da suka manna, sai na ji kamar ana rufe akwatin gawa. Na ce haba, tsohon da ke cinye kwandon lemu shi kaɗai bai kai nan ba."

"Wannan kuma mene ne kike turo min? Buroshin haƙori?"

"Wane haƙori? Alƙalami ne."

Na leƙo. Wani ɗan abu ne na roba, ana ganin cikinsa, da murfi kore shar. Baba ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar ya tsinci ƙwaro a cikin shinkafa.

"A ina kika samo wannan abin kunyar?"

"Shagon kwana, kusa da cingam. Kuɗinsa bai kai na kwanon taliya ba."

"Ai na 'yan firamare ne!"

"Nasu ne mana. Ai hannunku ɗaya, su ba su iya ba tukuna, kai ka manta."

"Ke, wannan hannun ya haɗa jiragen ruwan da har yanzu suna yawo a teku, tun uwarki ba ta san hanyar makaranta ba."

"Shi ya sa nake bin gada, ba na hawa jirgi."

Na toshe baki da tsumma don kada a ji ni.

"Bari in koya miki, tunda ba ki da mafaɗi," ya ce. "Alƙalami kamar sabon takalmi ne, sai ya ciji ƙafa kafin a saba. Sai gwani ya duba yadda kake riƙo, ya goge bakin, ya buɗe hanyar tawada. Wa ya gyara wa wannan baki?"

"Ba kowa. Daga kwali sai takarda."

"Ƙarya kike."

"In ƙarya ce, ni zan wanke maka baya a wurin wanka har bazara."

"Na yafe. Ba na son a feɗe ni da raina."

Ta kwance shi, ta danna ɗan bututun tawada har ya ce ƙas, ta miƙa masa. Ya jawo gefen jarida yana ƙunƙuni, ya ɗora bakin. Layi ya fito baƙi wuluk, sumul, tun daga taɓawar farko.

"Sa'a ce," ya ce.

Ya karkatar da shi dama, ya rubuta. Ya karkatar hagu, ya rubuta. Ya sassauta riƙo har abin na neman faɗuwa, tawada ba ta yanke ba. Sai ya ajiye shi a buɗe da gangan, ya ɓare lemu, ya ci a hankali yana kallon Fumika da gefen ido.

"Yanzu ya bushe. Nawa ma in na bar shi haka sai na lallashe shi da ruwan ɗumi."

"Naka ai halinka ya ɗauko."

Ya ɗauka ya ja layi. Ya fito kamar ba a taɓa ajiye shi ba. Ya sake shi ya faɗi kan tabarma, wai hannunsa ne ya kuɓuce, alhali ina kallonsa ya buɗe yatsun.

"Kaka, in kashe shi za ka yi, ga guduma can a bayan gida."

Ya ɗauko, ya gwada, ya rubuta. Ya sa tabarau, ya kai bakin alƙalamin kusa da taga yana juya shi. Na san wannan kallon. Shi ne wanda yake yi wa walda in ya rasa inda zai kushe, kuma a rayuwata ban gan shi sau da yawa ba.

"Wanda ya yi wannan," ya ce a hankali, "ko wane ne shi, bai raina yara ba. Dubi tsagar nan. A yi mai tsada guda ɗaya da kyau, wannan an saba gani. Amma a zubo su dubu-dubu, a ajiye kusa da cingam, kowanne ya fito daidai, ba kuma mai zuwa ya gode maka? Kai, akwai mutane a duniya."

"To ka gode min ni, tunda ni ce a kusa."

"Ke me kika yi ban da satar kuɗin aike?" Ya ture katin gefe. "Alƙalami ya yi, na yarda. Hannun ne ya ƙare. Gobe ki koma wurin mai bugawa."

"To. Har da na Kuwabara za a buga?"

Cokali ya tsaya min a tukunya. Kuwabara abokin aikinsa ne tun suna samari, ya koma garinsu can Aomori da suka bar aiki. Ƙarar ƙarfe ta cinye musu kunne su biyun, waya ba ta yi musu amfanin komai. Katin nan na shekara shi kaɗai ne ke gaya wa kowannensu cewa ɗayan yana raye.

"Ki bar Kuwabara a inda yake."

"Na bar shi. Zai fito cikin ƙanƙara ya buɗe akwatinsa, ya ga rubutun inji yana ce masa kada ya ƙara jira. Ba komai, ai ya saba da rashin kirkinka."

"Bakinki ya fi na uwarki tsawo."

"Duka daga wurinka muka samo."

Ya daɗe yana kallon farin katin. Can ya jawo guda, ya gyara zama, ya fara. Hannun na rawa, ina gani, amma alƙalamin ba nauyi, ba ya kuma neman a danna shi, sai bin hannun kawai yake duk inda ya yi. Ban san sanda na baro kicin na tsaya a kansu ba.

Fumika ta karanta da ƙarfi: "'Barka da sabuwar shekara. Har yanzu ina nan. Kai fa, ragon banza?' Kaka, layin nan ya karkace kamar hanyar unguwarmu."

"Karkata ba laifi ba ce. Kin ga ɗigo?"

"Babu."

"To rufe min baki."

Ya ɗaga katin yana hura masa iska, idonsa ya kawo ruwa, ya ce wai tururin miyata ne. Sannan ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba: "Katin Kuwabara na bara sunansa kaɗai ya rubuta, rabin ma karce ne ba tawada. Na yi ta zaginsa a raina, na ce girman kai ya kama shi. Ashe ba girman kai ba ne, shi ma hannun ne ya gaza."

Sai ya buga tebur.

"Ke, tashi! Koma shagon kwana ki sayo wa Kuwabara irin alƙalamin nan."

"Ka yarda na fi ka hankali ke nan?"

"Na yarda alƙalamin ya fi ki."

"Ban ji ba, na gaji kurumta. Maimaita."

Ya fashe da dariya har da tari. "Kin ci, 'yar banza, kin ci! Je ki."

"Wane launi?"

"Wanda ya fi muni, shi ya dace da fuskarsa."

Tana sa takalmi a bakin ƙofa ya ɗaga murya: "Kuma kada ki jira sabuwar shekara! Yau za ki aika masa, ya same shi kafin shi ma ya tafi wurin mai buga kati."