Haruffa Takwas na Injiniya

Duk unguwar Wangsa Maju, inda muke karatu a ƙasar waje, babu mai ilimin kwamfuta kamar Injiniya Sharfaddeen. Shi da kansa ya faɗa mana, kuma wa zai ƙaryata mutumin da ya je har kasuwar Masjid India aka ɗinka masa "Injiniya" a aljihun jallabiya? Mu ɗalibai Sarkin Baƙin Allo muke ce masa, don tsohon tsarin nan na zamanin da can da yake aiki da shi: allo baƙi ƙirin, sai ka rubuta umarni kafin komai ya motsa.

"Danne-dannen hoto na yara ne, lah," in ji shi da salon 'yan garin, a shagon mamak inda muke shan shayi, yana kaɗa cokali. "Real programmer umarni yake bayarwa!"

Manhajar digirinsa na uku yake ginawa. In ta yi aiki gaban malaminsa, a ƙara masa wa'adin karatu. In ta ƙi, sai Kano. A fayil ɗaya tal ya zuba ta, ya raɗa masa suna kamar ɗan fari: Injiniya Sharfaddeen Manhaja. Yahuza, abokin ɗakinsa, ya ce ya ajiye kwafi.

"Kwafi? Wannan ai na masu shakkar kansu ne."

Ranar gwaji da safe sai basira ta motsa. Ina, babban mutum ba ya shiga taro babu sanƙira! Nan take ya rubuta 'yar manhajar da za ta yi masa kirari, ya sa mata Injiniya Sharfaddeen Maraba. Ita kuwa tsohuwar kwamfuta haruffa takwas na farkon suna kaɗai take riƙewa, duk biyun INJINIYA ne a wurinta. Baiwar Allah har ta tambaye shi ko ta shafe tsohon ta ɗora sabo. Ya danna "eh" bai karanta ba. Injiniya ba a yi masa tambaya.

Muka cika ɗakin gwaji, wallahi har da masu ɗaukar hoto. Ya gyara hula, ya danna. Allo ya ce: SANNU DA ZUWA INJINIYA. Ya sake faɗa. Ya yi ta faɗa babu birki. Malamin ya gyara tabarau, ya ce madalla, to ina aikin?

Aka duba sama da ƙasa. Aikin ke nan.

Da zai koma Kano ya bar wa Yahuza kwamfutar, wai nauyi. Mukan kunna ta in mun gaji da karatu, mu yi dariya har da hawaye. Ita kaɗai ta rage a garin nan da ke ce masa Injiniya.