Gonar Labbo Ta Ƙetare Gulbi

"Sannu da aiki, bawana. Ko in ce sannu da ganima?"

"Yawwa, sannu ubangijina marar gona. Ina gajiya?"

Masu wannan gaisuwa Labbo ne da Mas'udu, taubasai, mutanen Bungudu. Uban Labbo da uwar Mas'udu ciki ɗaya suka fito, shi ya sa Labbo ke kiransa bawa. Gonakinsu na kallon juna, gulbi a tsakani. Daminar da ta wuce ruwa ya cinye fadamar Labbo ta albasa, ya bar masa gangare tsaye kamar an yanka da wuƙa. A ɓangaren Mas'udu kuwa sabuwar ƙasa ta fito, baƙa, shimfiɗe. Lokacin dashe ya zo, Labbo ba shi da wurin dasawa, ya kuwa sa rigar zuwa ƙara gidan dagaci. Ya dai ratso ta gonar Mas'udu tukuna.

"Gajiya tana wurin jakunanka," in ji Labbo. "Mangala nawa suka kwasa kafin su gama da gonata?"

"Jakuna biyu gare ni, ɗaya gurgu. Su suka ɗauke fadama?"

"Wa ya sani? Tun da ka dawo daga dakon yaƙin Jamus ba ni yarda da kai. Mutum ya tafi da gammo ya dawo da dabaru."

"Ruwa ne, Labbo. Wajenka yake dukan gaɓa, wajena yake kwantawa ya sauke kaya. Kai ko ƙanƙara na ga ta yi abin da ya fi wanga."

"Ƙanƙara? Wadda yara ke tsinta a ƙwarya, ta narke kafin a kai zaure?"

"Ba irin taku ba. Can gabas wani Bature ya ɗora mana kaya muka hau dutse har numfashi ya gagara. A bisa ƙanƙara ce kwance, kaurinta ya fi tsawon giginya. Kuma tafiya take."

"Da ƙafa ko bisa doki?"

"Da ciki, kamar kai in ka ci tuwon biki. Ba a ganin motsinta. Amma tana ɓamɓare duwatsu ta riƙe su ƙarƙashinta, tana gurzar ƙasa da su. Na shafa falalen da ta wuce, sumul, da zane-zane kamar tsagar fuska. Inda ta narke kuma ta zubar da kayan, tudu guda."

Labbo ya ƙanƙance ido. "Awo. Na tambayi gonata, an kai ni bisa dutse. Haka marasa gaskiya ke yi. To ko ƙanƙarar ka ɓoyo a burgami ka sako mini ita?"

"Da na sako ta da gemunka ya fara tafiya. Karɓi fartanya. Tona nan."

Labbo ya karɓa yana gunaguni. Wurin da sabuwar ƙasar ta fara, ta sama, ya tarar da duwatsu kamar dunƙulen hannu. Suka gusa ƙasa kaɗan, tsakuwa. Gaba, yashi zalla. Can ƙarshe inda ruwa ya kwanta, laka mai laushi. Ya koma ya sake tonawa a wani wuri don kada a yi masa wayo. Haka ya samu.

"Ka gani?" in ji Mas'udu. "Ruwa shiƙa yake yi kamar mace da faifai: mai nauyi ya faɗi kusa, marar nauyi ya yi nisa. Ƙanƙara ba ta zaɓe, ƙaton dutse da gari wuri ɗaya take jibge su. Jaki ma haka. Yanzu faɗa mini wane ɓarawo ne zai zauna ya tankaɗe fadama."

Labbo ya murza lakar a yatsa, ya shinshina.

"Kai dai ba za ka iya ba," ya ce. "Ragon da bai taɓa tsince tsakuwa a shinkafarsa ba."

"To a fasa gidan dagaci?"

"Mi zan ce mashi? In kawo ƙarar gulbi? Amma ƙanƙara mai jan ciki, wannan ƙarya ce har gobe." Sai dariya ta kuɓuce masa. Ya tuɓe rigar ya rataye a reshe.

Mas'udu ya ja layi da fartanya, ya raba lakar biyu. "Daga nan zuwa bakin ruwa, dasa albasarka. Kada a ce ubangijina ya yi bara ina raye."

"Kada ka jira godiya. Ƙasata na biyo."

"Taka? Kai ma daga Gusau ruwa ya kawo maka ita."

Labbo ya waiwaya ya dubi inda gulbin ke fitowa, ya rage murya. "To yi shiru mana, bawan banza. Gobe kasuwa, Gusawa na nan tafe."