Tafintan Yankan Riɗi

Damina guda na kwashe a garin Gedambaliya ina koyon Esperanto a waya, harshen da aka ƙirƙira don mutanen duniya su fahimci juna. Na kasa zaune na kasa tsaye, ina neman wanda zan gwada a kansa.

Da riɗin kawuna ya nuna har ya soma zuba, aka kawo 'yan ƙwadago daga Habasha. Kawu ya ce a nemo tafinta. Na gyara jallabiya na ce, "Kawu, bar ni da su. Harshen duniya ne a bakina."

Na gaishe su, "Saluton." Na maimaita, na ɗaga murya, ina kai da kawowa, ina zufa. Mutum biyu suka ɗauki laujensu za su tafi. A ruɗe na rufe da godiya, "Dankon."

Babbansu, wanda ashe ya shekara goma cikin mutanenmu, ya tambaya da Hausa garau, "Alhaji, riɗi za mu yanka ko danƙo za mu ɗiba?"

Har yau, in matata ta miƙo mini shayi, sai ta ƙi sakin kofin. "Malam Danƙo, babu godiya ne?"